In Zuba Jarina a Injin Iska Mai Tsayayyen Ƙarfe?

Tambaya: Ina sayar da kayan sola. Wani dillali ya matsa mini in fara shigo da ƙananan injinan samar da wuta daga iska, irin masu juyawa a kan tsayayyen ƙarfe, wai sun fi masu fukafukai uku. In saka kuɗina?

Amsa: Alhaji, ka dakata tukuna. Dillalin ya faɗi gaskiya a wani ɓangare. Injin nan yana karɓar iska daga kowace kusurwa, ƙararsa ba ta da yawa, kuma ana iya ajiye janaretansa kusa da ƙasa, gyara ya zo da sauƙi.

Amma wutar da yake bayarwa ita ce abin dubawa. Babu injin da zai iya tatsar fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iska. Manyan masu fukafukai uku suna kaiwa kusan kashi 45. A cikin masu tsayayyen ƙarfe, samfurin Darrieus, mai siraran fukafukai, yakan tsaya tsakanin 30 da 40, na Savonius kuwa, mai kama da ganga da aka raba biyu, da ƙyar yake wuce 20.

Ka yi wannan lissafin kafin ka biya ko kwabo. Idan gudun iska ya ninka, ƙarfinta yakan ninka sau takwas. Injin da ke tare iska mai faɗin murabba'in mita 2, a gudun mita 5 cikin daƙiƙa, wat 45 kawai zai ba ka, in yana tatsar kashi 30. Lambar wat da ke jikin kwali kuwa yawanci an auna ta ne a gudun mita 11 ko 12, iskar da ba kasafai ake samu a saman rufin gida ba. Mai saye zai dawo maka da ƙorafi, sunanka ne zai ɓaci.

Akwai kuma batun ƙarko. Fukafukan suna shan matsi mai sauyawa a kowane juyi, har ƙarfen ya gaji ya tsage. Wannan matsalar ta addabi injinan kamfanin FloWind a Kalifoniya, kamfanin da ya durƙushe a 1997.

Shawarata, ka nemi takardar gwaji daga wata cibiya mai zaman kanta da ke nuna wutar da injin ke bayarwa a kowane gudun iska. Ka sayi guda ɗaya, ka kafa shi da mitar auna wuta, ka kwatanta shi da farantin sola mai kuɗi ɗaya har shekara ta zagayo. In dillalin ya ƙi kawo takardar, ka bar jarinka a sola.