Amsa ga wanda NVDA ta yi masa shiru: kada ka kai ta fomat tukuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka inda ka ce tun da ka sabunta NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon kwamfuta, ta daina magana, kana tambayar wane mai gyara za ka kai wa, ko kuwa ka koma wata manhajar karanta allon, wato JAWS, gaba ɗaya. Abin da na fahimta shi ne kana tsoron kwamfutar ce ta lalace, kuma ina tabbatar maka cewa a mafi yawan lokuta ba haka ba ne, domin shirun manhajar karanta allo yana da dalilai kaɗan waɗanda makaho zai iya ganowa da kansa ba tare da ya nemi mai ido ba.

Ka fara da rarrabe ko sautin kwamfutar ne ya tafi ko NVDA ce kaɗai. Ka danna Control da Windows da Enter tare, Narrator zai tashi, wato mai karanta allon da yake zuwa a cikin Windows. Idan shi ma ya yi shiru, to NVDA ba ta da laifi. Ko dai an kashe sautin, ko kuma muryar tana tafiya zuwa abin kunne na Bluetooth da ke cikin aljihunka ko jakarka. Idan kuwa Narrator ya yi magana, ka kashe shi da waɗannan maɓallan, sannan ka danna Control da Alt da N domin NVDA ta sake tashi. In hakan bai yi aiki ba, ka danna Windows da R, ka rubuta nvda, ka danna Enter.

Daga nan ka gwada maɓallin NVDA, wato Insert ko Caps Lock, tare da S. Wannan haɗin yana sauya yanayin murya, kuma tun daga fitowar 2024.1 yanayin huɗu ne: magana, shiru, ƙaraurawa maimakon magana, da kuma magana sai an nema. Mutum yana cikin sauri sai yatsansa ya taɓa shi bai sani ba. Ka riƙa dannawa a hankali har ka ji ta yi magana. Idan a cikin manhaja ɗaya kawai take shiru, wataƙila ka sa ta barci a can, sai ka danna maɓallin NVDA da Shift da S. A'a, bari in fayyace, wannan ga wanda yake kan tsarin maɓallan kwamfutar tebur ne. Idan ka zaɓi tsarin laftof, Z za ka danna a madadin S.

Dalilin da ya sa nake hana ka zuwa wurin mai gyara tun yanzu, na ɗanɗana abin da kaina. Na taɓa kai laftof ɗina wani shago a kan matsalar caji kawai, mutumin ya kunna ta ya ji tana magana da gudu, sai ya yanke hukuncin cewa ƙwayar cuta ce ta shiga, ya yi mata fomat ba tare da ya tambaye ni ba. Takardun karatuna da littattafan da na sha wahalar tarawa, da ƙamus na furuci da na gyara wa NVDA domin ta riƙa faɗin sunayen Hausa daidai, duk suka tafi, sannan ya miƙo mini ita yana jiran godiya. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin bai ga cewa wanda ya kawo kwamfutar makaho ne ba, balle ya yi tunanin muryar nan ita ce idonsa. Wasu ma ba sa yin fomat, sai dai su share alamomin da ke fuskar kwamfutar don su tsabtace ta, alhali Control da Alt da N a jikin alamar NVDA da ke wurin yake rataye. Da zarar an goge ta, haɗin ya mutu. Ba na cewa duk masu gyara haka suke, amma wanda bai taɓa zama da makaho ba, wallahi sai ka tsaya a kansa.

To, mu koma kan sabuntawar da ka yi. Fitowar farko ta kowace shekara takan daina aiki da wasu tsofaffin ƙananan manhajojin da muke ƙara wa NVDA, musamman na murya. Ka danna maɓallin NVDA da Q, sannan ka tayar da Narrator ya karanta maka akwatin da ya buɗe, ka zaɓi a sake tayar da ita ba tare da waɗannan ƙarin ba. Idan ta yi magana, ka gano mai laifin. Sai ka danna maɓallin NVDA da Control da S ka koma eSpeak, muryar da take zuwa tare da NVDA, ko muryoyin Windows kafin masu ƙarin su fitar da sabo. Idan duk wannan bai yi ba, ka danna maɓallin NVDA da Control da R sau uku a jere, za ta koma yadda ta zo tun farko, amma saitunanka za su tafi, shi ya sa na bar shi a ƙarshe.

Batun JAWS kuwa, manhaja ce mai kyau, sai dai ta kuɗi ce, kuma idan babu lasisi minti 40 take aiki sai ka sake kunna kwamfutar, ga shi idan sautin ne ya ɗauke ita ma shiru za ta yi. NVDA kyauta ce tun da Michael Curran ya fara ta a Ostareliya a 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi, dukansu makafi. Idan ta dawo, ka shiga jerin kayan aikinta ka yi kwafin NVDA a filash ka ajiye.

Ka gwada Narrator yanzu, ka turo mana saƙo ko ya yi magana ko bai yi ba, daga nan zan san inda za mu dosa.