Ina da HND, amma ana ta mayar da ni baya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama HND, wato babbar difloma ta ƙasa, a fannin akanta, na yi hidimar ƙasa, amma sau uku kamfanonin da ke nemo wa bankuna ma'aikata suna turo min saƙo cewa masu digiri kaɗai suke so. Wani kuma ya ce in biya naira dubu goma sha biyar zai sa sunana. Yaya zan yi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya nemi kuɗin nan kada ka ba shi ko kwabo. Dillalin aiki na gaskiya, kamfanin da ya ba shi aikin nemo mutane shi ke biyansa, kuma sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yake aiki. Ka nemi ya nuna maka lasisin, za ka ga ya sulale.

Saƙon ƙin da ya zo maka cikin awa ɗaya ko biyu, galibi babu ɗan Adam ɗin da ya karanta takardarka. Manhaja ce ke tacewa: ka zaɓi HND a fom, ta ture ka gefe. Haka take yi wa wanda ya wuce shekarun da aka gindaya, waɗanda a shirin horar da sababbin ma'aikatan banki sukan tsaya a 26 ko 27. Kada ka zaɓi digiri don ka tsallake ta. Ranar tantance takardu asiri zai tonu, sunanka kuma ya ɓaci a wurin dillalin har gaba.

Wannan bambanci tsakanin HND da digiri yana ci mana tuwo a ƙwarya. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin soke shi a 2021, amma ba a sa masa hannu ya zama doka ba. Don haka ka karanta talla da kyau. Inda aka rubuta "digiri ko HND", nema. Inda aka ce digiri kawai, aika wa dillalin layi uku: ka gode, ka tambaya ko sharaɗin daga kamfanin da zai ɗauki ma'aikatan ne, ka roƙi ya ajiye sunanka don wani gurbin.

Ga mai akanta, maganin da ya fi ci shi ne jarrabawar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Nijeriya. Mai HND daga makarantar da ICAN ta amince da ita ana yafe masa wasu darussa, kuma da zarar ka ci matakin tsakiya ka rubuta shi a saman takardar neman aikinka, ba a ƙasa ba. Difloma ta gaba da digiri, wato PGD, tana buɗe ƙofar digiri na biyu, sai dai ba ta mayar da HND digirin farko. In digirin kake so, shiga jami'a kai tsaye ta JAMB, inda akan fara daga aji biyu ko uku, kuma ba za ka sake hidimar ƙasa ba.