Bakin mahaifiyata ya ƙi rufuwa wata biyu: sai an yi mata tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata, mai shekara 63, ta yi hamma wata safiya, tun daga nan bakinta ya ƙi rufuwa. Mun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce, aka yi ta shafe-shafe, har mai ɗori ya gwada. Yau wata biyu ke nan, miyau na zuba, kunu kaɗai take iya sha, duk ta rame. A asibiti an ce muƙamuƙinta ne ya goce, wataƙila sai an yi aiki. Tsoro muke ji. Babu wata hanya? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alherin jinyar da kike yi.

Ki ɗora yatsa a gaban kunnenki, ki buɗe baki a hankali. Abin da kika ji yana zamewa gaba, shi ne kan ƙashin muƙamuƙi. Yana zaune ne a wani ɗan gurbi a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma akwai ɗan tudu a gaban gurbin. Idan aka wangale baki fiye da kima, wajen hamma, ko cire haƙori, ko bugun farfaɗiya, sai kan ƙashin ya haye tudun, tsokokin tauna su ɗaure, ya rasa hanyar komawa.

Idan a ranar aka zo, aikin 'yan mintoci ne. Likita ya naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya ɗora su kan turamen ƙasa, ya danna ƙasa, sannan ya tura baya. Hifokiratis, wani likitan Girka na zamanin da, ya bayyana wannan dabara sama da shekara 2,000 da suka wuce. Amma da zarar an kai wata guda, lamarin ya sauya: nama mai tauri irin na tabo yakan cike gurbin, tsokoki su gajarce. Shi ya sa nake roƙonku, kada wani ya ƙara gwada mayar da shi da ƙarfi a gida. Ƙashin dattijuwa ba ya jure wannan, yana iya karyewa.

Kalmar tiyata ce ta firgita ku, na sani, amma ba da wuƙa ake farawa ba. Bayan an ɗauki hoto, musamman na CT, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla, za a sa Mama barci, a ba ta maganin da ke saki tsoka, a sake gwadawa da hannu. Wasu a nan ake gamawa. In ya ƙi, sai a ɗan tsaga ƙasan kusurwar muƙamuƙi, a zura waya a ƙashin, a ja shi ƙasa har kan ya tsallako tudun. In wannan ma bai yi ba, a buɗe gaɓar ta gaban kunne, a share naman da ya cike gurbin, a mayar da ƙashin wurinsa. Sau da yawa akan goge tudun nan ya baje, ta yadda ko ƙashin ya sake zamewa zai koma da kansa. Wani likitan Norway, Hilmar Myrhaug, shi ya bayyana wannan aiki a 1951, kuma shi ne aka fi yi wa masu yawan gocewa akai-akai. Waɗanda suka shekara a haka kuwa, wani lokaci sai an yanke kan ƙashin, ko a raba muƙamuƙin a daidaita shi don haƙora su haɗu. Kowane mako da aka ƙara yana matsar da Mama zuwa ga wannan babban aikin.

Ba zan ɓoye miki haɗarin ba. Jijiyar da ke motsa fuska tana wucewa dab da wurin, don haka wasu kan kasa ɗaga gira ko rufe ido sosai bayan aiki, amma galibi yana warwarewa cikin makonni ko watanni. Tabon kuwa yakan ɓuya a jikin kunne.

Bayan aiki za a iya ɗaure haƙoranta da roba ko waya na mako ɗaya zuwa uku. Kunun gyaɗa, madara, fura da nono da aka dama sosai, su ne abincinta. Daga nan sai atisayen buɗe baki kullum, don kada gaɓar ta sandare. In hamma ta zo mata, ta tokare haɓa da dunƙulen hannu.

Ku nemi takardar tura ku sashen tiyatar baki da fuska, kamar na asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. Tunda ta rame, za a duba jininta, da sukari, da hawan jini kafin a sa rana. Ki tafi da duk magungunan da take sha a cikin kwalinsu, domin wasu magungunan hana amai da na taɓin hankali suna sa muƙamuƙi ya riƙa murɗewa, kuma likitan zai so ya gan su da idonsa.