Aman Jini Daga Ciwon Hanta: Ƙwaya Ko Ɗaurin Jijiya?

Wata baiwar Allah daga Garwa ta rubuto cewa maigidanta ya yi aman jini, an ce hantarsa ta ƙandare. Likita ya rubuta propranolol, ya kuma ce a ɗaure jijiyoyi. Kuɗi sun yi ƙasa, wanne za ta zaɓa?

Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. In hanta ta ƙandare, jinin da ke zuwa mata daga hanji yakan rasa hanya, sai ya bi ƙananan jijiyoyin maƙoshi, su kumbura har su fashe. Propranolol yana rage ƙarfin jinin da ke cika su. Akan fara da miligiram 20 zuwa 40 sau biyu a rana, ana ƙarawa har bugun zuciya ya sauko 55 zuwa 60 a minti. Mai asma ba ya shan sa. Ɗauri kuwa da fibroskopi ake yi: a zura bututu mai kyamara ta baki, a ɗaura 'yar roba a gindin kowace jijiya, a maimaita duk mako 2 zuwa 4 har su bushe. Wanda bai taɓa aman jini ba, ɗaya ya ishe shi. Wanda ya riga ya yi, biyun ake haɗa masa, domin in an bar shi haka, kusan 60 cikin 100 sukan sake. Ki fara ba shi ƙwayar yau tunda ita ce mai sauƙin kuɗi, dangi su haɗa na ɗaurin. Kada ya tsayar da ƙwayar ko da ya ji sauƙi.

Wani daga Kusiri ya ce in jinin ya dawo, ko maganin ƙarin jini na kwalba zai wadatar?

Haba Malam! Mutum na aman jini kana neman kwalba? Asibiti nan take, ko da bayan gida ne ya yi baƙi kamar kwalta. Can za a yi allurar octreotide ko terlipressin don tsayar da jinin, a ba shi ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 1 kullum har kwana 7, a leƙa cikin da fibroskopi kafin awa 12. Ƙarin jini ma da awo ake yi, in ya yi yawa jijiyar ta sake ɓallewa.

Abin da ke ci min rai shi ne maganin tire. Mai ciwon hanta ya ji ciwon jiki, a aiki yaro wajen mai tallan magani a bakin kasuwa, ya dawo da diclofenac ko ibuprofen ko aspirin a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba kwanan wata, rana ta gama dafa su. Waɗannan suna hana jini daskarewa, suna cin bangon ciki, suna kashe ƙodar mai ciwon hanta. Propranolol na tire kuma ba ka san ko alli ka saya ba. Ku saya a farmasi mai rajista, ku riƙa ƙirga bugun hannu da safe. In bai sauko ba, ku koma wa likita da kwalin. Jiƙe-jiƙen "wanke hanta" da giyar bilbil kuwa ƙara wa hantar nauyi suke yi.

Wani masunci daga Maga ya tambayi dalilin nasa ciwon hantar, alhali bai taɓa shan giya ba.

Ɗan'uwa, a gwada ka tsargiyar hanji da ciwon hanta nau'in B. Tsargiya praziquantel ke kashe ta, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinka, amma jijiyoyin da suka riga suka kumbura sai an leƙa su da fibroskopi.