Bot ɗaya, gasa biyu: ina zan ajiye saitin kowace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne admin na wata saba (zaure) ta 'yan wasan waya a manhajar hira ta Discord. Muna gasar Free Fire ranar Asabar, eFootball kuma ranar Lahadi. Abokina ne ya rubuta mana bot, wato 'yar manhaja mai aiki da kanta, da ke rijistar 'yan wasa yana lissafa maki, amma saiti ɗaya tak yake riƙewa. Makon jiya na manta ban sauya ba, sai ya auna 'yan ƙwallo da ma'aunin Free Fire, aka kwana ana cacar baki. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka ɗora wa mantuwarka laifin duka. Bot ɗin da sai an tuna an murɗa shi kafin kowace gasa, ba yau ba gobe sai ya kunyata mai shi.

Wasannin nan biyu ba su haɗa hanya ba. Free Fire na kamfanin Garena ana shiga ne ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu-huɗu, kuma a manyan gasanninsa wanda ya yi Booyah, wato ya zo na ɗaya, na samun maki 12, na biyu 9, na uku 8, sannan maki ɗaya kan kowane abokin gaba da aka kayar. eFootball na Konami, wanda har 2021 PES muke kiransa, mutum ɗaya ne da ɗaya, nasara maki 3, kunnen doki 1. To ka ga kowanne na bukatar kundin saitinsa mai suna, wanda ke ɗauke da girman ƙungiya, ƙa'idar maki, lokacin rufe rijista da inda za a liƙa sakamako.

Ga inda masu rubuta bot da yawa ke zamewa. Sai su yi kundi biyu, su kuma ƙara umarnin da ke cewa "yanzu wannan ne ke aiki". An gudu ba a tsira ba ke nan, domin har yanzu sai wani ya tuna ya sauya. Ka ce wa abokinka ya ɗaure kowane kundi da ɗakinsa. A Discord kowane ɗakin hira yana da lambar shaidarsa, za ka iya kwafo ta idan ka kunna Developer Mode a saitinka. Umarni ya fito daga ɗakin Free Fire, bot ya duba lambar ɗakin ya ɗauko kundin Free Fire. Ko da gasannin biyu sun faɗo rana ɗaya, ba abin da zai cakuɗe.

Abu na biyu, wanda ni ya taɓa ƙona ni: da zarar an buɗe gasa, bot ya ɗauki kwafin kundin ya manna wa gasar. Na taɓa gyara makin na uku ana tsakiyar wata gasa, nufina na makon gaba, sai teburin ranar ya birkice gaba ɗaya. Da akwai kwafin, da gyaran ya jira gasa ta gaba.

Sauya kundi kuma ba aikin kowa ba ne. Ka ware muƙami ɗaya, mutum biyu ko uku, su kaɗai ke da izini, bot ya riƙa rubuta wanda ya sauya da abin da ya sauya a wani ɗaki na admin.

Idan kuna da 'yan wasa a Kumasi ko Accra, ka kula da agogo: Ghana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Discord na da hanyar rubuta lokaci da ke nuna wa kowa da agogon wayarsa, ka sa bot ya yi amfani da ita wajen sanar da rufe rijista. Kafin Asabar, ku buɗe ɗakin gwaji da ƙungiyoyin bogi huɗu, ku lissafa makin da biro da takarda, ku gwada da na bot.