Amsar Kawu a kan ajin baftisma

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Ka ce fastonku a Gombe ya ƙi sa ranar ɗaurin aurenka a majami'a sai ka shiga aji an yi maka baftisma. Kana tambaya, ashe ba a gidan masu bi aka haife ka ba, ba a kuma miƙa ka ga Ubangiji tun kana jariri ba?

An miƙa ka, ina wurin. Mahaifiyarka ta kwance ka daga goyo ta ba fasto, ya ɗora maka hannu ya yi addu'a, iyayenka suka yi alkawarin renon ka cikin tsoron Allah. Alkawarinsu ne, sun kuwa cika shi. Amma ba mai cin tuwo cikin wani ya cika. Yohanna 1:12-13 ya ce waɗanda suka karɓi Almasihu haihuwarsu ba ta jini ba ce, ba kuma ta nufin mutum ba, daga Allah take. Afisawa 2:8 ta ce ceto ta wurin bangaskiya baiwar Allah ce, ba ƙoƙarinmu ba. Hanyar zuwanta kuma tana Romawa 10:17, wato ta wurin jin maganar Almasihu.

Ka tuna, a 1917 da John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka iso Kaltungo, ba mai uba Kirista a ƙasar Tangale. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ma sai a 1932 ya fito. Kakanninmu ji suka yi da kunne, Ruhu Mai Tsarki ya buɗe zuciya, suka tsaya a kai duk da tsangwamar dangi. Su wa suka gada?

Ba ina rena tarbiyyar gida ba ne. Bulus ya yabi bangaskiyar Lowis kakar Timoti da ta uwarsa Afiniki, sa'an nan ya ce ya tabbata tana cikin Timoti shi ma. Wannan "shi ma" ɗin dattawan ikkilisiya suke so su ji daga bakinka. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilikan suna yi wa jarirai baftisma, daga baya yaro ya girma ya tabbatar, kada in ji ka kushe su. Mu a ikkilisiyarmu ta ECWA sai mutum ya furta da kansa, sa'an nan fasto ya shiga ruwa har ƙugu ya nutsar da shi, matan zumunta suna bakin rafi suna kaɗa tulu suna waƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka shiga ajin don takardar aure kawai. Haddace amsoshi ba wuya. Bangaskiya kuwa dogara ce ga Yesu, ranar da albashi ya makara, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi wani ya ce ku je wurin boka. Wasiƙar Yaƙub ta ce bangaskiya in ba ayyuka matacciya ce, matarka kuma ita za ta fara gani. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, faɗa wa fasto gaskiya. Gara a ɗaga biki, ni zan yi wa surukanka bayani.

Ka karanta Romawa sura 10 kafin Lahadi, ka kira ni bayan sujada mu tattauna. Gai da mahaifiyarka.