Yau sun gane, sati na zagayowa sun manta

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ticha ce a wata JHS (ƙaramar sakandare) nan Aboabo, Kumasi, kimiyya nake koyarwa. Wallahi abin ya ishe ni, in na gama darasi na ce kun gane? duk su ce eh madam, amma sati na zagayowa kamar ba mu taɓa yi ba, ga BECE, jarabawar gama JHS, ta matso. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba yaranki kaɗai ba ne, haka kan ɗan Adam yake. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awanni da kwanakin farko bayan koyo, daga baya sai ta lafa.

Wannan "kun gane?" ɗin dai ki ajiye ta. Wane yaro ne zai ce a'a a gaban abokansa, kuma shi kansa yana ganin ya gane tunda rubutun na kan allo yana kallo.

A 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun yi gwaji da ɗaliban jami'a a Amurka, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma suka karanta aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma da aka yi sati guda sai reshe ya juye, masu tunowa da ka suka wuce su sosai. Wahalar lalubo abu daga kai ita ke sa ya zauna.

To kullum kafin sabon darasi ki ware minti 5, kowa ya rufe littafi, tambaya uku: ta jiya, ta satin da ya wuce, da ta watan jiya. Kowa ya rubuta, ba masu ɗaga hannun nan biyu kawai ba. Ba maki, ba bulala, ki gyara musu nan take kar kuskure ya kwana. Tsofaffin tambayoyin WAEC ma haka za ki riƙa tsakuro su, kar ki tara sai saura sati biyu.

Yaran Zango ai ba baƙon abu ba ne gare su, a makarantar allo ba a wanke allo sai an biya, kuma ana komawa tilawar baya. Sai dai kimiyya ba hadda kaɗai take so ba, in yaro ya ba da amsa ki bi shi da "me ya sa?", ya faɗa da bakinsa, ko da Hausa ko Twi ne, sannan ya mayar Turanci. Za su yi ƙorafi da farko cewa madam ta cika tes, kar ki fasa.